Kafin Ki Ɗauki Almakashi

’Yata, na ji kin ƙudiri niyyar daina sa wa kanki rilaksa, amma kina ta wasiwasi ko ki datse gashin gaba ɗaya, ko ki bar sabo ya fito a hankali. Allah Ya yi miki albarka. Matso kusa ki ji, domin mata da yawa sun ɗauki wannan niyya, wata uku bai cika ba suka koma gidan jiya, saboda ba wanda ya gaya musu abin da za su tarar.

Ki fara sa wa ranki cewa gashin da mai ya riga ya miƙar ba zai koma yadda Allah Ya halicce shi ba. Da yawa daga mayukan nan soda ce a cikinsu, irin wadda ake haɗa sabulu da ita, wasu kuma danginta ne masu ɗan sauƙi a fata. Aikinta ta tsinka abin da ke riƙe da murɗewar silin gashi daga ciki, kuma in ya tsinke ya tsinke ke nan. Duk wadda ta ce tana da haɗin da zai dawo miki da shi, ki riƙe kuɗinki. Abin da kike jira sabon tsiro ne daga fatar kai, shi kuwa kusan santimita 1 yake yi a wata. Shekara guda cur ba za ta ba ki taƙi ɗaya ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Wahalar tana daidai inda sabon ya haɗu da tsohon. Ƙasa ya fito da kauri da murɗewa, sama kuma ya yi siriri ya miƙe, to a wannan mahaɗa gashi yake karyewa. A nan ne mataji zai fara sarƙewa, ki ga gashi a ƙasa, gabanki ya faɗi, ƙawaye su ce kanki ya lalace, ki je a sake shafa mai. Bai lalace ba. Gashinki ne na asali, wanda wataƙila rabonki da taɓa shi tun kina ’yar firamare. Hannunki ne bai saba da shi ba tukuna.

In zuciyarki ta ɗauka, datse tsohon lokaci ɗaya ya fi sauƙi, kin huta da kula da gashi iri biyu a kai ɗaya. Mu da ɗankwali da mayafi ba sa barin kanmu, wa zai gani? Sai dai ki yi shawara da maigidanki tukuna, kada ya wayi gari ya ga abin da bai zata ba. Ki kuma sani rage tsawo daban ne, aske kai ƙwal daban ne, malamai sun bambanta su.

In kuwa ba za ki iya ba, ki bi ta hanyar kitso. Ki riƙa rage bakin kaɗan-kaɗan duk bayan wata biyu ko uku har tsohon ya ƙare. Ki zaɓi manyan kitso marasa nauyi, kalaba ko zane, ko ki koma kitson zare irin na iyayenmu, wanda ke miƙar da gashi ba wuta ba mai. Kada kunya ta hana ki ce wa makitsiya ta sassauta hannu. Kitson da ya hana ki barci, ya fito da ƙuraje a goshi, shi ne yake cinye gashin gaba, wani lokaci har abada. Wajen tsifa kada ki taje shi a bushe. Ki yayyafa ruwa, ki shafa man kaɗanya ko alayyadi, ki warware da yatsu, sannan mataji mai manyan haƙora ya biyo baya, daga baki zuwa tushe. Karkashin da muke miya da shi, jiƙa shi ki wanke kai, yauƙinsa na warware sarƙa; matan Chadi sun daɗe suna haka. Lokacin hunturu ki ƙara man kaɗanyar ko alayyadin, kuma kada ki ɗaure ɗankwali a kan jiƙaƙƙen kai.

Akwai abin da ya sa na fi murna da niyyarki. A 2022 masu bincike a Amurka, bayan sun bibiyi mata fiye da 33,000, sun ga ciwon dajin mahaifa ya fi yawa a cikin masu yawan amfani da mayukan miƙar da gashi. Ba su ce duk mai shafawa za ta kamu ba, kada ki tsorata. Amma ke ma kin san ƙunar da kike haƙuri da ita, da ɓawon da ke fitowa a kai bayan kwana biyu.

In kin ga wani wuri ya yi sanƙo, ko tsakiyar kai na zafi da ƙaiƙayi, ki je wurin likitan fata da wuri. Sannan ina roƙonki, ’yar taki ƙarama kada ki fara sa mata rilaksa don kawai tana kuka wajen kitso. Ki koyi taje nata yadda za ki koyi naki.