Yadda Za A Cire Gam Daga Jikin Mota Ba Tare Da Ɓata Fenti Ba

Yawancin ƙungiyoyinmu mota guda gare su, ita ke ɗauko taki, ita ke kai amfanin gona kasuwa. Akan manna mata takardun talla ko na siyasa, in an ɓare sai gam ya rage yana kama ƙura. Nan ne wasu sukan ɗauko reza ko soson ƙarfe. 'Yan'uwa, kada ku yi haka. Fenti shi ke kāre ƙarfe daga ruwa. Inda aka kankare shi, tsatsa za ta shiga da damina, ran sayar da motar kuwa ƙungiya ce da hasara.

Da fari ku wanke wurin, gama yashin da ke cikin ƙura yana karce fenti. Sa'an nan ku jiƙa tsumma da ruwan zafi, ku ɗora kamar minti 5. Zafi yakan sa gam ya yi laushi, sai ku tura shi da farce a hankali. Abin da ya rage ku shafa masa man gyaɗa, ku bari ya jiƙu, ku goge da tsumma mai taushi. In ya ƙi, ku ɗiga kananzir kaɗan a tsumma, amma a inuwa, kuma ku fara gwadawa a lungun da ba a gani. Ku wanke da sabulu nan da nan.

Tina da man birki kuwa, ko kusa, domin suna cin fenti.

Watakila wurin ya fi sauran jikin motar haske. Rana ce ta koɗar da na kewaye, sai ku daina gurzawa.