Allurar Kashe Zafi Wajen Cire Haƙori

Mutane da yawa suna fama da ciwon haƙori, amma tsoron allura ya hana su zuwa asibiti, har kunci ya kumbura.

Likita yana da dabarar rage zafin allurar. Yakan fara shafa magani a dasashi, ya jira kamar minti 2. Sannan ya tura ruwan allurar a hankali, domin saurin turawa shi ke ƙara zafi. Mai jin tsoro ya faɗa wa likita tun farko. Haka ma mai hawan jini da mace mai ciki.

Bayan an gama, leɓe yakan yi nauyi na awa 2 ko fiye. A lura da yara kada su cije shi. Koko mai zafi kuwa, sai bakin ya saki.