Darasi Kan Sana'ar Haɗawa da Gyaran Allon Na'urorin Sadarwa

Tun daga shekarar 2001, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta sayar da lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowanne, gyaran waya ya zama babbar sana'a a kasuwar Computer Village da ke Ikeja, da ta Farm Centre a Kano. Sai dai ribar mai shago ta dogara ne kacokan a kan ƙwarewar ma'aikacin da ke taɓa allon lantarki, wanda masu gyara ke kira fanel.

Abu na farko da ya kamata ɗan kasuwa ya sani shi ne batun zafi. Tsohuwar dalmar liƙi, wadda ta ƙunshi kashi 63 na kuza da kashi 37 na darma, tana narkewa a digiri 183 na ma'aunin Salshiyas. Amma daga ranar 1 ga Yuli, 2006, Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da darma a kayan lantarki, masana'antu suka koma ga haɗin kuza da azurfa da jan ƙarfe, wanda ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 217. Ma'aikacin da bai san wannan bambanci ba yakan yi ta ƙara wuta har layukan allon su ɗaye, a yi asarar wayar baki ɗaya. Saboda haka wajibi ne shago ya mallaki na'urar hura iska mai zafi da ake iya daidaita ta, da madubin ƙara girma.

Abu na biyu shi ne lantarkin da ke taruwa a jikin mutum. Ɗan Adam ba ya jin tartsatsinsa sai ya kai kimanin bolt 3,000, alhali ƙasa da bolt 100 na iya lalata wasu sassa. Wannan haɗari ya fi tsanani da hunturu, domin busasshiyar iska na ƙara tara shi. Sau da yawa wayar takan tashi a shago, ta mutu bayan 'yan makonni, mai kaya ya dawo neman kuɗinsa. Maganin abin ba shi da tsada: igiyar wuyan hannu da shimfiɗar tebur, dukkansu a haɗe da ƙasa.

Bugu da ƙari, sashen da ke aikawa da karɓar saƙon rediyo ba ya son ganganci. Dalmar da ta yi yawa a kan layin eriya, ko murfin ƙarfen da aka cire ba a mayar ba, sun isa su raunana sabis.

A masana'antun duniya ana auna ingancin liƙi da ƙa'idar IPC-A-610, ana kuma koyar da gyara bisa IPC-7711/7721. Mai shagon da zai ɗauki ma'aikaci, ya fara ba shi mataccen allo ya cire sashe guda ya mayar, sannan ya duba liƙin a ƙarƙashin madubi kafin ya damƙa masa kayan jama'a.