Amsoshin Tambayoyinku: Wuta Tana da Rai? Irin Gero Fa?

Tambaya: Ni ɗaliba ce 'yar aji ɗaya a ƙaramar sakandare a Tambuwal. An koya mana cewa mai rai yana motsi, yana ci, yana numfashi, yana girma, yana haihuwa. To na ga wutar daji tana yin duk waɗannan, amma an ce ba ta da rai. Irin geron da ke rumbunmu kuwa ba ya yin ko ɗaya, amma an ce yana da rai. Ina gaskiyar take?

Amsa: Ɗiyata, Allah ya ƙara basira. Duka maganganun biyu gaskiya ne: wuta ba ta da rai, irin gero yana da shi. Abin da ya rikita ki shi ne ɗaukar alamomin ɗaiɗai, alhali ba a yanke hukunci da guda ɗaya ko biyu. Ki kuma sani, haƙiƙanin ruhi saninsa sai Allah. Ita kimiyya alamomin da ake gani, ake aunawa, su take bi.

Alamomin da aka saba jerawa bakwai ne: motsi, numfashi, cin abinci, jin abin da ke kewaye da mayar da martani, girma, fitar da dattin jiki, da haihuwa. Wasu malamai kan ƙara mutuwa ta zama ta takwas. A jikin akuya ba sai an nuna miki su ba. A jikin tsiro ne sai an zura ido. Ki shiga gonar gyaɗa da hantsi, za ki ga ganye a buɗe. Ki koma bayan magariba da tocila, za ki tarar kowane ganye ya haɗe da ɗan'uwansa. Ga motsi, ga jin haske da duhu. In furen gyaɗa ya yanƙwane kuma, wani ɗan tsinke yakan fito daga gurbinsa, ya sunkuya ya soki ƙasa, a can ƙarƙashi 'ya'yan za su ƙosa. Abinci kuwa tsiro shi ke haɗa abinsa a ganye, da hasken rana da ruwa da iska.

Sai batun wuta. Ba ki yi wauta ba da kika ga kama, domin kamannin suna nan. A shekarun 1780 wani masani ɗan Faransa, Antoine Lavoisier, ya nuna cewa jikin dabba da wuta duk iskar oksijin suke ja, su ƙone abin da suka samu, su fitar da zafi. Bambancin shi ne jiki yana ƙona abincinsa a hankali, gwargwadon buƙata, har zafin jikin mutum mai lafiya ya tsaya wajen digiri 37, ko da hunturu ko da bazara. Wuta ba ta san gwargwado ba. In ta sami ciyawa ta ci, in ciyawa ta ƙare ta mutu, ba ta ajiya, ba ta gyara kanta.

Haihuwarta ma ba haihuwa ba ce. Ɗan akuya yana gadon kamannin iyayensa, gero ba ya haifar dawa. Amma wutar da aka ɗebo daga murhun maƙwabta ba ta gaji komai ba. Abin da aka zuba mata shi ke sa ta yi hayaƙi ko ta yi harshe. Motocin da ke ratsa garinku a hanyar Sakkwato zuwa Jega su ma suna shan mai, suna gudu, suna fitar da hayaƙi, amma ba wadda ta taɓa girma ko ta haifi wata.

Tushen bambancin shi ne ƙwayar halitta. Kowane mai rai, daga kuka har sauro, da waɗannan 'yan ƙananan ɗakuna aka gina shi, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Robert Hooke na Ingila ne ya fara bayyana su a 1665, bayan ya duba yankin ɓawon itace. A cikinsu ake sarrafa abinci, a cikinsu ake ajiye bayanin gado. Wuta ba ta da ko ɗaya, mota ma haka.

Irin gero kuwa yana da su. A cikin kowace ƙwayar gero akwai ɗan tsiro a naɗe tare da abincinsa, kamar matafiyin da ya yada zango da guzurinsa a gefe. Yana numfashi, amma kaɗan ƙwarai, saboda bushewa ta rage masa aiki. Shi ya sa manoma ke bari hatsi ya bushe sarai kafin a sa a rumbu: in da danshi, numfashinsa da na fumfuna yakan ƙaru, tsibin ya ɗau zafi, iri ya lalace. Wani irin yakan daɗe fiye da yadda ake zato. A 2005 an shuka ƙwallon dabino mai kimanin shekara 2,000 da aka tono a Masada, kusa da Mataccen Teku, kuma ya tsiro.

Ba tsiro kaɗai ke wannan kwanton ba. Ki tambayi masunta a fadamun wajen Kebbe labarin gaiwa. In tafki ya fara ƙafewa, sai ta nutse cikin laka, ta naɗe jikinta, ta lulluɓe kanta da yauƙi har ya bushe ya zama kube, ta bar wata 'yar kafa daidai bakinta, domin tana da huhu, iska take shaƙa. Haka za ta yi watanni ba ci ba sha, tana cin naman jikinta kaɗan kaɗan, sai ruwan damina ya jiƙa lakar ta fito. Wanda ya tono ta da rani zai ce matacciya ce, alhali alamomin ne suka yi ƙasa, ba su gushe ba.

Ga gwajin da za ki yi a gida. Ki ɗebi wake ƙwaya ashirin, ki tafasa goma, ki bar goma. Ki naɗe kowane kashi a tsumma mai danshi, ki ajiye a inuwa, kina yayyafa ruwa safe da yamma. Cikin 'yan kwanaki ɗanyen zai fasa ya fito da farar saiwa, dafaffen kuwa sai dai ya yi tsami, domin zafi ya kashe ƙwayoyin halittarsa. Ki rubuta ƙwaya nawa suka tsiro kowace rana, ki kai wa malaminku. Da irin wannan lissafi ne manomi ke gane ko irinsa zai fito kafin ya kai shi gona.