Yadda Ake Gano Dajin Baki Tun Bai Yi Nisa Ba

A wani zaure a Soron Ɗinki, a Kano, na taɓa zama da wani dattijo mai aikin babbar riga, allura a hannu, zare a baki. Na lura da gefe ɗaya kawai yake tauna goro. Da na ce, "Baba, lafiya kuwa?" sai ya ja leɓensa na ƙasa ya nuna mini wani miki mai tauri a gefuna, daidai inda ya yi shekara da shekaru yana ɗura garin taba. Wata huɗu ke nan da fitowar mikin, ya kurkure da ruwan gishiri, ya shafa zuma, ya sa maganin kemis, shiru. "Ai ba ya zafi, ɗan nan," in ji shi. Rashin zafin nan ne ya fi tayar mini da hankali, domin sau da yawa haka dajin baki yake farawa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 sun nuna kusan mutum 390,000 ne suka kamu da dajin baki da leɓe a shekarar, fiye da 188,000 kuma suka rasu. Jinkiri na cikin manyan abubuwan da suka jawo asarar nan.

Da farko ka san abin da ke kawo shi. Taba ce kan gaba, ta kowace fuska: sigari, shisha, da garin da ake ajiyewa tsakanin leɓe da dasashi, wanda yake jiƙe a wuri ɗaya yana cin fatar baki. Giya ma na jawo shi, in ta haɗu da taba kuwa haɗarin ninkuwa yake. Akwai ƙwayar cutar HPV, wadda ta fi kama can cikin maƙogwaro. Rigakafinta Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023, Kano na cikin jihohin farko. Wanda bai taɓa kusantar taba ba ma yana iya kamuwa, don haka dubawar ta kowa ce.

Sai dubawar kanta, sau ɗaya a wata, minti biyar sun isa. Bayan ka yi asuwaki, wanke hannu, ka tsaya gaban madubi da fitilar waya. Mai haƙoran roba ya cire su. Ja leɓen sama da na ƙasa ka duba cikinsu da dasashi. Sa yatsa ka buɗe kunci, dama da hagu. Ɗaga kai ka kalli ganɗa. Harshe kuwa a nan za ka daɗe: fito da shi, ka riƙe bakinsa da tsumma mai tsabta, ka karkata shi nan, ka karkata shi can, sannan ka ɗaga shi ka leƙa ƙarƙashinsa. Gefen harshe da ƙasansa su ne inda ciwon ya fi ɓuya, kuma su ne inda ido ba ya kai wa sai da niyya. Ka shafa da yatsa, domin wani taurin hannu ne ke jin sa kafin ido ya gan shi. Daga nan ka bi ƙarƙashin haɓa da gefen wuya, ko akwai ƙululu.

Abin da kake nema shi ne miki da ya ƙi warkewa, farin tabo ko ja wanda ba ya gogewa, kumburi mai tauri, jini ba dalili, haƙori da ya fara girgiɗi haka kawai, mutuwar leɓe ko harshe, wahalar haɗiya, ko dashewar murya da ta ƙi tafiya. Ƙurajen baki na yau da kullum suna da zafi, amma cikin mako biyu sun tafi. Duk wanda ya kai mako uku yana nan, kwanan gida ya ƙare.

Mataki na gaba, asibiti. Daga Soron Ɗinki zuwa Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata ba wata tafiya ba ce. Ka nemi likitan haƙori, ka faɗa masa tsawon lokacin da abin ya yi, kada ka ɓoye maganar taba. In ya ga da bukata zai tura ka Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, sashen tiyatar baki da muƙamuƙi.

A nan ne mutanenmu suka fi juyawa gida. Likita zai ce sai an ɗebi ɗan nama an kai ɗakin gwaji, sai dangi su ce daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi bazuwa zai yi. Wannan magana ta ci rayuka. Ana kashe wurin da allura, a yanki abin da bai wuce ƙwayar wake ba, a duba shi a madubin likita. Ba wata hanyar tabbatar da ciwon sai ita, kuma wani lokaci sakamakon kan nuna ba daji ba ne sam. Abin da ke ba ciwon damar yaɗuwa shi ne watannin da ake ɓatawa ana shafe-shafe da turare.

In an tabbatar, za a ɗauki hoton kai da wuya a ga iya inda ya kai. Ƙaramin ciwo tiyata kaɗai kan iya raba mutum da shi. Wanda ya girma sai an cire har da ƙululun wuya, a biyo da gashi da na'ura, yawanci kwana biyar a mako har mako shida zuwa bakwai, wani lokaci a haɗa da allurar kashe daji. Gashin na iya sa a tura mutum Shika a Zariya ko Asibitin Ƙasa na Abuja, saboda haka tun wuri a zauna da 'yan uwa a tsara kuɗin mota, masauki da mai jinya. A gyara ruɓaɓɓun haƙora kafin a fara, domin gashin yana busar da yawu, yana kuma raunana ƙashin muƙamuƙi. Lokacin da baki ya ɗauki zafi, a koma kunu, madara, ƙwai da miya marar yaji, a riƙa kurɓar ruwa a kai a kai. Taba kuwa a yar da ita tun ranar farko, kuma ko an warke kada a fasa komawa ranar da likita ya sa, musamman a shekara biyun farko.

Dattijon nan na zaure, ɗansa ne ya ɗauke shi a babur washegari da safe, bayan na ce masa, "Baba, don girman Allah, a bari likita ya gani."