Starlink da Waya a Ƙaramin Jirgin Sama: Ina Haɗarin Yake?

Starlink ya shigo Najeriya a Janairun 2023, kuma ana tambayar ko za a iya kunna ƙaramin farantinsa, Starlink Mini, a cikin jirgi. A ƙananan jirage, irin masu feshin tsuntsayen jan-baki a fadamun Haɗeja da kewayen Miga, abin ya fi tsanani, domin matuƙi da kayansa duk a ƙuntataccen wuri ɗaya suke.

Batir ne babbar matsalar. Farantin yana shan wuta, don haka akan haɗa shi da fawa-bank. Batirin lithium kuwa, idan ya bugu ko rana ta gasa shi ta gilashi, yana iya kamawa da wuta, hayaƙi ya rufe wa matuƙi ido nan take. Shi ya sa ƙa'ida ta tsaya kan 100Wh, kuma a jakar hannu. Lissafin mai sauƙi ne: a ninka mAh da 3.7, a raba da 1,000. Mai 20,000mAh ya zama 74Wh, ya wuce. Mai 30,000mAh ya kai 111Wh, sai da izinin kamfanin jirgi. Jabun fawa-bank kuma, ko lambar jikinsa ba abin yarda ba ce.

Maganaɗisun lasifikar waya yana karkatar da kamfas idan an kusanta su. Farantin da ba a ɗaure ba kan iya zamewa ya toshe fedar matuƙi.

Mai tashi daga filin jirgin Dutse ya sani, tun Agustan 2025 hukumar NCAA ta ce a kashe waya ɗungurungum yayin tashi da sauka.