DARASI: YADDA AKE GYARAN TSOHON FAMFON KICIN MAI ƊIGA

Ya ku ɗalibai da iyaye, da wuya a shiga kicin na makarantar kwana ko gidan malami ko harabar majami'a ba a tarar da famfo guda wanda aka ɗaure masa wuya da robar tayar keke ba. Kowa yana wucewa yana jin ɗigarsa, amma da yake kayan makaranta ne, kowa na jiran wani ya zo ya gyara. Manufar wannan darasi ita ce ɗalibi ya san abin da ke cikin famfo, ya san dalilin ɗigarsa, ya kuma iya kwance shi ko da ya shekara ashirin ba a taɓa shi ba.

Nawa ake asara?

Bari mu fara da lissafi. A kwana ɗaya akwai daƙiƙa 86,400. A ce famfo yana ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa, kuma ɗigo 4,000 ne ke cika lita ɗaya. To, a kwana guda an zubar da lita 21.6 ke nan, wato fiye da jarka ɗaya mai cin lita 20. A shekara kuwa lita 7,884, kimanin jarka 394. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki lita 20 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke bukata a kwana domin sha da girki da ɗan tsabtar jiki. Ashe ke nan famfo mai ɗiga yana shanye rabon mutum guda kullum. In daga rijiyar burtsatse ake tura ruwan zuwa tanki, sai a ƙara kuɗin man inji a kan wannan. Ga kuma ruwan da ke kwanciya a bayan kicin, inda sauro ke hayayyafa.

Sassan famfo

Irin famfon da muke magana a kai shi ne wanda ake murɗawa sau da yawa kafin ya rufu. Wani kamfanin maƙeran tagulla mai suna Guest and Chrimes, a garin Rotherham na Ingila, shi ya fara ƙera irinsa a shekarar 1845, kuma har yau tsarin bai canja sosai ba. Da tagulla ake yin sa, wato haɗin jan ƙarfe da tutiya. Ga sassansa daga sama zuwa ƙasa:

1. Hannu, wanda ake kamawa a murɗa.
2. Sanda, wadda hannun ke juyawa. Tana da zare irin na noti, saboda haka tana hawa tana sauka.
3. Ƙaramin notin wuya, wanda ke matse wani zare ko zoben roba a kewayen sandar don kada ruwa ya fito ta sama.
4. Kai, wato babban noti mai kusurwa shida wanda ya riƙe duk waɗannan a jikin famfo.
5. Wosha, wata 'yar roba mai kama da kwabo da ke ƙarshen sandar.
6. Mazauni, wato bakin ramin da ruwa ke ɓullowa. A kansa wosha take zama ta toshe ruwa.

Wanda ya gane waɗannan ya gane ciwon. In ruwa yana ɗiga ta baki bayan an rufe, wosha ce ta cinye, ko kuwa mazauni ya zaizaye. In yana tsattsafowa ta gindin hannu sa'ad da aka buɗe, laifin notin wuya ne. In kuwa ta inda famfo ya haɗu da bututu ne, to, abin da aka naɗe a mahaɗar ne ya lalace.

Kayan aiki

Ana bukatar sifana biyu, sukundireba, ƙaramar guduma, tsumma, tsohon buroshin haƙori, lemun tsami, man kwance tsatsa irin su WD-40 ko kuwa kananzir kaɗan, farin tef na masu gyaran famfo, da sabuwar wosha. Yawancin famfunan kicin na rabin inci ne, amma ya fi kyau a tafi shago da tsohuwar wosha a gwada.

Yadda ake kwancewa

Na farko, a rufe ruwa daga tushe, ko a gindin tanki ko a makullin da ke kan bututun da ya shigo kicin. Sa'an nan a buɗe famfon gaba ɗaya, sauran ruwa ya tsiyaye, a kuma bar shi a buɗe. Wannan yana da dalili: in famfo yana rufe, sanda tana dannan mazauni, ita kuma tana tokare kai, sai ya ƙi juyawa. A toshe ramin wurin wanke-wanke da tsumma don kada ƙananan kaya su faɗa ciki.

Na biyu, a kwance ɗan sukurun da ya riƙe hannu, a cire hannun. In akwai murfi mai ƙyalli a kan kai, a naɗe shi da tsumma kafin a kwance, don kada a kankare shi.

Na uku, a sa sifana a kan kai a juya saɓanin tafiyar hannun agogo. A nan ne ake yin babbar ɓarna. Lalle ne wani ya riƙe jikin famfon da sifana ta biyu, domin in famfon duka ya juya, tsohon bututun da ke cikin bango yana iya karyewa, aikin minti talatin ya koma fasa bango.

In abu ya cije

Nan ne ainihin darasin, gama tsohon famfo ba ya kwantuwa da daɗin rai. Abu biyu ne ke sa shi cijewa. Ɗaya shi ne farin dusar nan mai kama da alli da ruwa ke bari in ya bushe, musamman ruwan rijiya mai gishiri-gishiri. Tana shiga tsakanin zare ta daskare kamar siminti. Na biyu shi ne tsatsa. Inda tagulla ta haɗu da baƙin ƙarfe cikin danshi, ƙarfen yakan yi tsatsa da sauri, tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta fito daga cikinsa cin wuri, shi ya sa take matse mahaɗar. Ga abin da za a yi, bi da bi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya:

(a) A goge wurin da buroshi har a ga layin mahaɗar sosai.

(b) In farin dusa ce, a jiƙa tsumma da ruwan lemun tsami a naɗe wurin na awa ɗaya ko biyu. Tsami yana narkar da ita. 'Yan aji huɗu za su tuna da kumfar da ke tashi sa'ad da aka zuba asid a kan alli a ɗakin gwaji. Abu ɗaya ne ke faruwa a nan.

(c) In tsatsa ce, a ɗiga man kwance tsatsa a kan layin, a bar shi ya ratsa. Ga tsohon famfo, kwana guda bai yi yawa ba.

(d) A ƙwanƙwasa gefen notin a hankali da guduma, kewaye da shi. Girgizar ce ke fasa tsatsar, ba nauyin dukan ba.

(e) A ɗan juya shi wajen ɗaurewa tukuna, kamar faɗin farce, sa'an nan a dawo wajen kwancewa. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa.

(f) A zuba tafasasshen ruwa a jikin famfon, wato ɓangaren da ya kewaye kai. Ƙarfe yana buɗewa in ya ji zafi, sai mahaɗar ta ɗan saki. Kada ɗalibi ya kawo wuta kusa, balle bayan an sa kananzir, ko inda akwai tukunyar gas ko bututun roba.

Kada a kama noti da filaya, domin tagulla tana da taushi, kusurwoyin za su cinye har sifana ta rasa abin kamawa. Kada kuma a zura bututu a hannun sifana don ƙarin ƙarfi, sai in babba yana wurin. Dabara ta fi ƙarfi, mai haƙuri kuma shi ke dafa dutse.

Yadda ake gyarawa

In kai ya fita, za a ga wosha a ƙarshensa, ko an riƙe ta da ɗan noti ko an cusa ta a kan wani ɗan maɓalli. A cire ta a sa sabuwa daidai girmanta. Wasu sukan yanka roba mai kauri daga tsohuwar taya. Wannan zai riƙe na ɗan lokaci, amma a nemi ta ainihi.

Kafin a mayar, a zura yatsa a shafa mazauni. Ya kamata a ji shi sumul. In an ji tsaga ko kaushi, sabuwar wosha ma ba za ta daɗe ba. Masu gyaran famfo suna da abin da suke goge mazauni da shi ya koma daidai. In tsagar ta yi zurfi, sayen sabon famfo ya fi araha.

In ta wuya ne ruwan ke fita, a ƙara ɗaure ƙaramin notin kamar rubu'in juyi. In bai daina ba, a kwance shi, a cire tsohon zaren, a murza farin tef ya zama kamar igiya, a naɗa a kewayen sanda, a tura ciki, a ɗaure. Kada a matse har hannu ya ƙi juyawa.

In famfon duka za a canja, a naɗa tef a kan zarensa ta wajen da ake ɗaurewa, don kada ya warware sa'ad da ake murɗawa. Sababbin famfunan nan da ake juyawa rubu'i kaɗai su rufu ba su da irin wannan wosha. Faifai biyu ne na tangaran a cikinsu, kuma in sun lalace, ƙunshin duka ake canjawa.

Daga ƙarshe a wanke sassan da sabulu sosai, gama ruwan sha da girki ne zai bi ta ciki. A mayar da kome bisa ga jerin da aka cire, famfo yana buɗe. A saki ruwa a hankali, a bar shi ya zuba na ɗan lokaci ya fitar da datti, sa'an nan a rufe a duba.

Rigakafi

Abin da ya fi kashe wosha shi ne matse famfo da hannu biyu. Yatsu uku sun isa rufe lafiyayyen famfo. Ran da aka ga sai an yi ƙarfi kafin ɗiga ta tsaya, ran nan ya kamata a sanar da mai kula da kicin.

Kammalawa

A cikin Bisharar Yohanna sura 6, bayan da Ubangiji Yesu ya ciyar da mutum dubu biyar, ya sa almajiransa suka tattara gutsattsarin da suka rage, har suka cika kwando goma sha biyu. Wanda yake da ikon riɓanya gurasa bai yarda da ɓarna ba. Ruwan tankinmu kuwa daga kuɗin makaranta da iyayenku suka biya da gumi, da baikon 'yan ikilisiya, ake samunsa. Saboda haka kayan makaranta amana ce a hannun kowannenmu, daga ɗan aji ɗaya har shugaba.

Aikin yi: Kowane ɗakin kwana ya zaɓi mutum biyu su zaga famfunan da ke kusa da su. A tara kofi a ƙarƙashin mai ɗiga na minti 10, a auna ruwan, a riɓa shi sau 144 don a sami asarar kwana guda. A rubuta sakamakon da inda ruwan ke fita, ko baki ko wuya ko mahaɗa, a kai wa malamin koyon sana'a. Ubangiji ya ba mu hikima da aminci cikin ƙananan abubuwa. Amin.